An gwada wuƙa, an gwada bindiga, wa ya gwada mai riƙewa?

Duk wanda ya taɓa raba dare yana kallon bidiyon masu sharhin wuƙaƙe ya san yadda abin yake tafiya. Tebur ne an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle, hannaye biyu kawai ake gani, sai wani ɗan akwati da ake buɗewa a hankali kamar ana gudun kada abin da ke ciki ya farka. A zaro wuƙa, a jujjuya ta a gaban fitila, a tura ta da babban yatsa ta buɗe ta ce ƙas. Daga nan a ɗauko takarda a tsarge ta siri-siri, a aske gashin hannu, a daddatse igiya. Wani ma ya ɗora ta a kan itace ya yi ta dukan bayanta da gungume har itacen ya tsage. Kafin bidiyon ya ƙare, mai magana zai ce wannan wuƙa ce da mutum zai iya damƙa mata ransa.

Na ji, na yarda, na saya. Baƙa ce, mai naɗewa, da ɗan maƙali na rataya ta a bakin aljihu, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi kyau a hannu. Na yi kusan wata biyu ina yawo da ita ina jin kamar na ƙara tsawo. Rannan ƙanena ya gaji da jin labarinta ya ce mu gwada. Muka sa tsofaffin fararen riguna, kowa ya ɗauki maka irin ta rubutu a allo, shi ja ni shuɗiya, muka ce sakan goma kacal, duk inda maka ta taɓa yanka ne. Shi bai taɓa kallon bidiyo ko ɗaya ba. Da muka tsaya ina haki, na duba: jan layi uku a damtsena, ɗaya a bayan hannun da nake riƙe da makar, biyu a haƙarƙari, ɗaya kuma a gefen wuya wanda ban ma san lokacin da aka yi shi ba. Shi ma rigarsa ta sha shuɗi. Ya dube ni ya dubi kansa ya ce, "To Yaya, da da gaske ne, wa zai kai wani asibiti?"

Muka sake wani gwajin. Ya tsaya can nesa, ni kuma wuƙar tana aljihu, aka ce in ya taho a guje in zaro in buɗe kafin ya taɓa ni. Sau biyar muka yi. Sau uku ya iso tun ina laluben bakin aljihu, sau ɗaya ta suɓuce ta faɗi ƙasa, sau ɗaya na zaro amma yatsana ya zame ban buɗe ba. Kuma wannan ƙanena ne, ina dariya, na san zai taho, da rana tsaka.

Tun daga ranar nake kallon sharhin kayan kare kai da wani ido. Tambaya biyu ake cakuɗawa a cikinsa. Ta farko, an ƙera abin nan da kyau? Ta biyu, zai fitar da ni ranar da aka rutsa da ni? Mai sharhi yana da kayan amsa ta farko, kuma sau da yawa yana amsa ta bilhaƙƙi. Ta biyun babu yadda za a yi ya amsa ta a kan tebur. Amma ita ce take sayar da kaya, shi ya sa yake barin mai kallo ya tafi da tunanin cewa amsar farko ta biya ta biyun.

Ban ce aikin banza suke yi ba. A harkar wuƙa akwai abubuwan da ake aunawa da gaske, kuma sanin su yana da daɗi. Taurin ƙarfe ana auna shi da ma'aunin Rockwell, kuma yawancin wuƙaƙe masu kyau suna faɗawa tsakanin 56 da 62. In ƙarfe ya yi tauri yana daɗewa bai dakushe ba, amma yana saurin ɓantarewa in ya daki abu mai ƙarfi. In ya yi laushi yana jure wahala, sai dai kullum kana kan dutsen wasawa. A birnin Shefil na Ingila akwai wata cibiya, CATRA, mai injin da ke yanka kati mai gauraye da yashi don a ga wace wuƙa ce ta fi riƙe kaifi. Masanin ƙarafa Larrin Thomas ya fito da wani ƙarfe mai suna MagnaCut a 2021, wanda ya haɗa riƙe kaifi da juriya da ƙin tsatsa fiye da yadda aka saba samu a ƙarfe ɗaya. Mafarauci, masunci, mai aikin ceto, duk suna amfana da irin wannan bayani. Wanda zai yanka igiya sau ɗari a rana yana da haƙƙin ya san wace wuƙa ce za ta kai shi yamma.

Sai dai babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya shafi abin da ya faru da rigata. Jan layin da ke wuyana bai tambayi wane ƙarfe nake riƙe da shi ba.

Ita kanta kalmar da suke liƙa wa komai, "taktikal", wato na dabarun yaƙi, ta yi nisa da inda ta taso. William Fairbairn da Eric Sykes tsofaffin 'yan sandan Shanghai ne, kuma wuƙar da suka tsara wa sojojin kundumbala na Birtaniya, wadda aka fara ƙerawa a 1941, an yi ta ne don aiki ɗaya tak a fagen yaƙi, a hannun mutanen da aka horar. Wuƙar Ka-Bar da sojojin ruwan Amurka suka karɓa a 1942 ta yi suna a matsayin wuƙar faɗa, amma abin da ta fi yi a hannunsu shi ne buɗe gwangwani da yankan waya da tonon rami. A 1981 kamfanin Spyderco ya fito da wuƙa mai rami a jikin ruwanta don buɗewa da yatsa ɗaya, da maƙalin aljihu, kuma sunan da ya sa mata ma na ma'aikaci ne. Daga baya kasuwa ta gano cewa in aka shafa wa irin wannan wuƙa baƙin fenti, aka yi mata suna mai ban tsoro, za ta fi shiga. Yau har alƙalami da jaka da safa akwai na taktikal.

Akwai wani lissafi da masu wannan harka suke son ambata. A 1983 wani sajan na 'yan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya auna ya ga cewa mutum mai lafiya yana iya cin tazarar ƙafa 21, kusan mita shida da rabi, a cikin sakan ɗaya da rabi, wato daidai lokacin da ɗan sandan da ya samu horo yake buƙata ya zaro bindiga daga kube ya harba. Masu sayar da wuƙa sun mai da wannan talla: ga shi nan, wuƙa ta fi bindiga sauri. Sun manta cewa a lissafin Tueller mai wuƙar shi ne mai kai hari, ya riga ya zare, ya riga ya yanke shawara. Kai da kake sayen kaya don kare kai, a ɗaya gefen kake, gefen mai laluben aljihu. Abin da lissafin yake koya maka shi ne ka lura da wuri, ka ba da tazara, ka sa wani abu tsakaninka da mutum, in da hali kuma ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ban taɓa ganin bidiyon da aka ba wa gudu tauraro biyar ba, don babu kamfanin da ke ƙera shi.

Nan ne maganar kuɗi take shigowa, kuma a fagen ƙananan bindigogi ta fi fitowa fili. A farkon 2014 kamfanin Remington ya fito da wata ƙaramar bindiga, R51. An gayyaci marubuta suka harba samfuran farko, mujallu suka cika da yabo. Da ta isa hannun masu saye sai ƙorafi ya ɓarke: tana cijewa, tana ƙin ɗaukar harsashi, wasu ma da ƙyar suke ja da bayanta. Kafin shekarar ta yi nisa kamfanin ya dakatar da ƙera ta ya ce a dawo da waɗanda aka saya, kuma sai a 2016 gyararriyar ta fito. Ba lallai ne marubutan sun yi ƙarya ba. Ta yiwu waɗanda aka miƙa musu sun yi aiki lafiya lau. Matsalar ke nan ma: bindigar da injiniyan kamfani ya zaɓa da hannunsa ya goge ya shafa wa mai daban take da wadda ta fito daga layin ƙira ranar da ma'aikata suke sauri su tashi.

Watanni kaɗan kafin wannan, a ƙarshen 2013, mujallar bindigogi ta Guns & Ammo ta sallami Dick Metcalf, ɗaya daga cikin tsofaffin marubutanta, saboda ya rubuta cewa haƙƙin mallakar bindiga ma, kamar sauran haƙƙoƙi, doka tana iya tsara shi. Jaridar New York Times ta ruwaito daga baya cewa manyan kamfanonin bindiga biyu sun shaida wa masu mujallar ba za su ci gaba da hulɗa da su ba muddin yana nan. Ko ka yarda da ra'ayin Metcalf ko ba ka yarda ba, darasin da sauran marubuta suka ɗauka a bayyane yake. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai bidiyon yau ma bai tsira ba: kyauta ake aiko masa da kaya, wani lokaci har da harsasai, kuma a ƙarƙashin bidiyon akwai mahaɗin da in ka bi ka saya yana da kamasho. Tun 2009 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ce dole mai yabon kaya ya bayyana in an ba shi kyauta ko an biya shi. Da yawa suna bayyanawa, cikin sakan biyu, da sauri kamar mai karanta gargaɗin magani. Amma faɗin cewa an ba ka bai hana ido jin kunya ba in baki ya ci. Ka ƙirga bidiyo nawa ka taɓa gani da aka ce kada ka sayi wannan, ba shi da kyau.

Ko da mai sharhin waliyyi ne, akwai abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne lokaci. Samfuri ɗaya yake da shi, da mako ɗaya ko biyu. A watan Janairun 2017 rundunar sojin Amurka ta zaɓi ƙaramar bindigar SIG Sauer P320 ta maye gurbin Beretta M9 da take riƙe da ita tun 1985. Bindigar ta riga ta yi shekaru a kasuwa, ta sha yabo, ta kuma cika ƙa'idojin gwajin faɗuwa na masana'antar. A watan Agustan wannan shekarar sai ga bidiyoyi suna nuna cewa in ta faɗi ta baya a wata irin karkata tana iya tashi da kanta ba wanda ya taɓa kunama. Gwajin da aka saba yi bai haɗa da wannan karkatar ba. Kamfanin ya sanar da shirin gyara ga duk mai so. Ɗaruruwan sharhin da suka gabata babu wanda ya hango wannan, don mai sharhi ba ya yar da bindigar aro a kan siminti sau hamsin.

Labarin rigar sulke ya fi wannan ciwo. Richard Davis, wanda ya kafa kamfanin Second Chance, ya yi suna ne da sa rigarsa ya harbi kansa a gaban 'yan sanda, kuma ya yi haka fiye da sau ɗari. Wace shaida ce ta wuce wannan? Gani ya kori ji. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin da wasu irinsa suka fara saƙa riguna da wani zare mai suna Zylon, wanda ya fi Kevlar, zaren da aka saba saƙa sulke da shi, rashin nauyi. Sabuwar riga tana tsayar da harsashi sarai. Abin da ba a gani a ranar gwaji shi ne zaren yana lalacewa da zafi da laima da haske, wato da gumin jikin mai sa shi. A watan Yunin 2003 harsashi ya huda rigar wani ɗan sanda a Kalifoniya ya mutu, wani kuma a Fensilbaniya ya ji mummunan rauni alhali rigarsa ba ta fi 'yan watanni ba. Da cibiyar bincike ta ma'aikatar shari'ar Amurka ta gwada rigunan Zylon da aka yi amfani da su, sakamakon da ta fitar a 2005 ya nuna harsashi ya ratsa fiye da rabinsu. Duk wanda ya yi sharhin rigar nan tana sabuwa gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ba ta ceci kowa ba.

Wata muhawara da ta cinye shafuka marasa adadi ita ce ta girman harsashi, wane ne yake kayar da mutum nan take. Ranar 11 ga Afrilun 1986 jami'an FBI takwas suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Mayami. Cikin 'yan mintoci aka kashe jami'ai biyu, biyar suka jikkata. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya sha harsashi mai kaurin milimita 9 tun farkon faɗan, harsashin ya tsaya dab da zuciyarsa, ya kuma ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifi mai yawa a kan harsashin, ta ƙirƙiro gwajin harbi cikin daskararren jeli inda ake son harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18, ta koma milimita 10, daga nan ta koma wani harsashi mai suna .40 S&W. Bayan kusan shekara 30, a 2014, sashen horonta ya ce a koma milimita 9, saboda harsasan zamani sun inganta, kuma jami'ai sun fi iya saiti da wanda dukansa bai kai na manyan ba. Zagayen shekara 30 aka yi aka dawo kan cewa abin da ya fi muhimmanci shi ne a samu abin da aka auna.

Samun kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Cibiyar bincike ta RAND ta duba bayanan 'yan sandan New York na 1998 zuwa 2006, ta ga cewa a lokacin da ake musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasan da suka harba suka samu wanda aka nufa. In ba a mayar musu da wuta, adadin yana kaiwa wajen kashi 30. Mutane ne da aikinsu ke nan, ana horar da su, ana sake gwada su. Mai sharhi kuwa yana tsaye a filin harbi, ya toshe kunne, rana ta haska, takardar da yake harbi ba ta motsi kuma ba ta ramawa, sai ya nuna maka huji biyar da suka taru wuri ɗaya ya ce bindigar tana da saiti. Tana da shi. Amma a ranar tsoro zuciya tana dukan uku-uku, yatsu suna yin nauyi, ido yana ƙanƙancewa a kan abu ɗaya, kunne yana toshewa. Sauran kashi 82 ɗin nan kuma ba ɓacewa suke yi a iska ba, wani wuri suke sauka, kuma bangon ɗaki ba kowane harsashi yake tarewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a faɗa sam. Ana sharhin bindiga kamar rayuwarta duka sakan uku ce na artabu da ɗan fashi, alhali shekaru za ta yi a gida tare da yara, da baƙi, da ranar da miji da mata suka yi faɗa, da daren da baƙin ciki ya rufe wani. A Amurka, inda yawancin waɗannan bidiyoyi suke fitowa, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, kuma 26,328 daga cikinsu, fiye da rabi, su suka kashe kansu. Sau nawa kuma bindiga take ceton mai ita? A nan masana sun rabu rabuwa mai nisa. Binciken Gary Kleck da Marc Gertz na 1995 ya ƙiyasta sau miliyan biyu da rabi a shekara, shi kuwa binciken gwamnati na waɗanda aka yi wa laifi yana ba da kusan dubu 100 ko ƙasa da haka. Tsakanin lissafin biyu akwai ninki fiye da 20. Mai gaskiya zai ce wa mai saye maganar ba ta zauna ba. Mai talla yana ɗaukar babban adadin ya wuce.

Hatta akwatin ajiyar ma yana buƙatar a gwada shi fiye da yadda ake yi. A watan Oktoban 2023 aka janye akwatunan ajiyar bindiga na Fortress Safe kimanin 61,000 daga kasuwar Amurka, masu buɗewa da zanen yatsa. Mutum zai ɗauka ya yi rajistar yatsansa, alhali akwatin yana nan a yanayin da ya fito daga kamfani, kowane yatsa yana buɗe shi. An danganta lamarin da mutuwar wani yaro ɗan shekara 12. Mai sharhi ya ɗora yatsansa akwati ya buɗe cikin sakan ɗaya, ya yaba saurinsa. Da ya kira wani ya ce ɗora naka mu gani, da an gano.

Doka ma haka ake tsallake ta, ko a jefa jimla ɗaya a ce kowa ya duba dokar ƙasarsa. Intanet ba ta da iyaka, amma kotu tana da ita. Wuƙar da mai bidiyo a Teksas yake cewa kullum tana aljihunsa, a Ingila laifi ce: abin da aka yarda mutum ya yi yawo da shi ba tare da kawo dalili ba shi ne wuƙa mai naɗewa wadda ba ta kullewa, ruwanta bai wuce inci 3 ba, kuma cewa don kare kai ka ɗauko ba dalili ba ne a gaban alƙali. Hukuncin yana iya kaiwa shekara huɗu. Feshin barkono a can yana cikin haramtattun makamai, ƙananan bindigogi kuwa an hana farar hula mallakarsu tun 1997, bayan kisan yara 16 da malamarsu da wani ɗan bindiga ya yi a makarantar garin Dunblane na Scotland. A Jamus an hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya ta kulle, da tsayayyar wuƙa da ta wuce santimita 12. Wato siffofin da mai sharhi ya fi yabawa, saurin buɗewa da ƙarfin kulle, su ne ainihin abin da zai sa a kama ka a wata ƙasa. Ko a inda doka ta yarda, ranar da aka je gaban shari'a mai gabatar da ƙara zai ɗaga wuƙar nan baƙa mai sunan kisa ya nuna wa kowa. Sunan da ya sa ka saya shi zai karanta.

Na san abin da za a ce mini. Mai sharhin mota ba ya karanto alƙaluman haɗari, me zai sa a ɗora wa mai sharhin bindiga wa'azi? Kuma akwai mutanen da barazanar da ke kansu ta gaske ce: matar da tsohon mijinta yake bibiyarta, mai gona da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake da nisan awa guda, mai gadi, mai ɗaukar kuɗi. Waɗannan ba sa buƙatar a ce musu su gudu kawai. Na yarda da rabin maganar. Wanda doka ta ba shi dama, ya auna halinsa ya yanke shawarar riƙe makami, gara ya samu bayani mai kyau da ya yi cinikin biri a sama. Amma misalin motar a wajena yake. Mota ana dukan ta da bango da gangan, hukumomi masu zaman kansu suna sayen ta a kasuwa kamar kowa su farfasa ta su buga sakamako, kuma mai sharhin mota yana ambata wannan sakamakon. Sannan mai sharhin mota bai taɓa cewa motar nan za ta mai da kai direban tsere ba. Matar nan da ake bibiya ita ta fi kowa cancantar a faɗa mata cewa saye somin-taɓi ne, cewa akwai horo na watanni, da kuɗin harsasan atisaye, da wurin ajiya, da tambayar da babu mai amsa mata sai ita: za ta iya dannawa kuwa, in mutumin da ke gabanta uban 'ya'yanta ne?

Akwai masu sharhi na ƙwarai, kuma ba su da wuyar ganewa. Da kuɗinsu suke saye, a kanti, ba tare da kamfani ya san su ba. Suna dawowa bayan shekara su nuna tsatsa da sukurun da ya kwance da fentin da ya goge. In bindiga ce suna faɗin harsashi nawa suka harba da sau nawa ta cije, suna miƙa ta ga mai ƙaramin hannu da dattijo da wanda bai taɓa riƙewa ba. Suna gwada zarowa da jiƙaƙƙen hannu, da hannun hagu, a zaune cikin mota da bel a ɗaure. Bidiyonsu ba shi da kiɗa mai tayar da tsikar jiki, masu kallonsu ma ba su kai na sauran ba.

Irin waɗannan ne za ka ji suna ɓata lokaci a kan kayan da ba su da kwarjini. Tocila mai haske sosai, wadda take nuna maka abin da ke gabanka tun yana nesa, kuma kusan babu ƙasar da za a tare ka a kanta. Feshin barkono a inda doka ta yarda, tare da faɗin gaskiyarsa: yana da ranar lalacewa, iska tana iya dawo maka da shi fuska, ba kowa yake tsayarwa ba, kuma in yana can ƙasan jaka ƙarƙashin makullai da caja daidai yake da babu. Sai maɗaurin tsayar da jini. Mutumin da babbar jijiyarsa ta yanke yana iya mutuwa cikin 'yan mintoci, kafin kowace motar asibiti ta iso, shi ya sa a 2015 aka ƙaddamar da shirin Stop the Bleed a Amurka don koya wa talakawa danne rauni da ɗaure hannu ko ƙafa. Haɗarin mota, faɗowa, injin da ya kama hannu, duk sun fi kusa da yawancinmu fiye da artabu. A nan sharhi yana da aikin yi na gaske, don kasuwar intanet cike take da jabun maɗauri masu kama da na asali sak, waɗanda sandar murɗawarsu take karyewa daidai lokacin da aka matsa. Wannan abu ne da za a iya gwadawa a kan tebur, a ga ya karye ko bai karye ba, kuma amsar ta shafi rai kai tsaye.

Bayan gwajin maka na je na yi kwas na yini ɗaya a kan tsayar da jini. Malamar ta sa kowa ya ɗaura wa kansa maɗaurin a damtse da hannu ɗaya, tana riƙe da agogo. Na farko na yi fiye da minti guda kuma bai matsu ba, ta zura yatsu biyu a ƙarƙashinsa ta girgiza kai ta ce in sake. Sai a karo na shida ta taɓa wuyan hannuna ta ce bugun ya tsaya. Da zafi, zafi sosai, kuma ta ce haka ake so. Wuƙar tana nan, ban yar ba. Tana cikin aljihun tebur, ita nake yanka kwali da ita, kuma har yau ba ta dakushe ba, kamar dai yadda mai bidiyon ya faɗa.